Motar Vjollca a Kan Rami

Ranar Talata, ruwa bai gama ɗaukewa ba,
Vjollca ta shigo garejin Thoma da tsohuwar Marsandi.
Ta kashe inji, ba ta fito nan da nan ba,
hannuwanta manne da sitiyari
kamar wadda ta tsallake kogi a kan gungume.

Ta ce: gaba na jin magana, baya na bin son ransa.
A kwanar da ke saman kogin Vjosa,
inda dutse ke hagu, dama kuwa sai iska,
gindin motar ya yi layi irin na mashayi,
kwalaben zumata suka yi karo, uku sun fashe.
Watan jiya na sayi shoka biyu a Permet.
Sababbi ne, ga rasit.

Thoma bai karɓi rasit ba.
Ni yaron shago, nawa riƙon fitila.

Ya danna bayan motar da nauyin ƙirjinsa, ya saki.
Ta ɗago sau ɗaya, ta tsaya cak.
Ya ce: shoka ba ta da laifi, a ƙyale ta.
Ya durƙusa ya shafa taya
kamar mai duba zazzaɓin jikansa:
gefen ciki ya cinye sumul, na waje da sauran zane.
Ya ce: wannan ƙafa a karkace take tafiya,
wani abu ya sakar mata linzami.

Ya buɗe but, sai ga siminti buhu biyu.
Vjollca ta kau da kai:
mijin ƙanwata ya ce nauyi zai danne ta.
Thoma ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Haƙorin da ke girgiɗi, in ji shi,
ba babbar loma ce ke tsayar da shi ba.

Muka tura ta kan rami.
Ƙarƙashin mota wata duniya ce:
tsatsa, laka, warin tsohon mai,
ruwan hanya na ɗiga mini a wuya.
Sifirin lafiya. Notuna a ɗaure.
Ya zura dogon ƙarfe a kowace gaɓa yana banƙarawa.
Ta farko shiru.
Ta biyu shiru.
Ta uku ta ce ƙwas,
ta gusa da faɗin ɗan yatsa.

Matso da wuta, Ylli.

Bushin ne, 'yar roba, ba ta kai ƙwan kaza ba,
ta tsattsage, ta bushe kamar ɓawon burodin makon jiya.
Shekara ashirin da bakwai tana haɗiye dukan hanya,
ba wanda ya san sunanta
sai ranar da ta gaji.

Kusar ta yi taurin kai.
Muka ba ta mai, muka ba ta wuta,
guduma ta yi mata magana sau tara kafin ta amsa.
Na goge ɗan yatsa a ƙarfe, jini ya haɗu da giris.
Ya canza ta hagu, ya canza ta dama,
wai tare suka tsufa.
Na kai sifana zan ɗaure tamau, ya buge hannuna:
sai ta tsaya da ƙafafunta, da nauyinta,
in ka ɗaure ta a rataye, robar a murɗe za ta rayu.

Ya ja zare daga tayar gaba zuwa ta baya,
ya rufe ido ɗaya, ya juya kusa rabin juyi,
ya sake kaɗan.

La'asar sakaliya muka hau dutsen,
Vjollca na tuƙi, ni a baya da kwalabe a cinya.
Kwanar ta zo. Na riƙe numfashi.
Motar ta lanƙwasa jiki guda,
zuma ko motsi.
Ba ta ce komai ba, ta dai kunna rediyo.

Ta biya rabi da kuɗi, rabi da zuma.
Simintin ta manta, ko ta yi kamar ta manta.
Da shi Thoma ya gyara dakalin ƙofa,
inda nake zaune yanzu, yatsa a ɗaure da tsumma.